Inda Ji Yake Korar Gani: Hoton Ƙwaƙwalwa da Ciwon Kai a Sabon Birni da Isa

Karin maganar nan ta "gani ya kori ji" ta daɗe tana yi wa Bahaushe alƙalanci a kasuwa da gaban shari'a da wajen neman aure, kuma galibi hukuncinta yakan faɗa daidai. Amma tun da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki suka shigo asibitocin ƙasar Hausa, sai ta samu wani gurbi da ba domin ita aka tanada ba. Majinyacin da likita ya zaunar, ya yi masa tambayoyi na rabin sa'a, ya auna hawan jininsa, ya haska idonsa, ya sa shi ya taka a gabansa, yakan fito yana cewa ba a yi masa komai ba, tunda ko hoto ba a ɗauka ba. Wanda kuwa aka tura cikin na'ura na 'yan mintoci aka miƙo masa baƙar leda mai zane-zane, shi ne a idon dangi aka yi wa aiki.

A sha'anin ciwon kai, al'amarin a juye yake. Ji ne a gaba, gani yana biye. Hoton ƙwaƙwalwa yana da amfani mai girma, har yakan zama sanadin kuɓutar mutum daga bakin kabari, amma ga tsiraru ne cikin masu ciwon kai, kuma ba na'ura ce take zaƙulo waɗannan tsiraru ba, bakin majinyaci ne da kunnen mai sauraronsa. A birnin da na'ura take kusa da ƙofa, kuskure a wannan tantancewa asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A Sabon Birni da Isa kuwa yana iya zama asarar rai ta fuska biyu: a tura wanda ba ya bukata ya hau mugunyar hanya, ko a riƙe wanda yake bukata har lokaci ya ƙure masa.

Waɗannan ƙananan hukumomi biyu suna gabashin Jihar Sakkwato, a ƙasar Gobir, kan iyaka da Jihar Maraɗi ta Nijar. Mai neman hoton ƙwaƙwalwa daga can, birnin Sakkwato ne alƙiblarsa, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Tazarar ta haura kilomita 100, amma ba da kilomita ake auna wannan hanya ba a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da waɗannan biyu. A Disamba ta wannan shekarar aka ƙone mota da matafiya fiye da 20 a cikinta kusa da Gidan Bawa. A ƙarshen Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana dawowa daga Sakkwato, kuma a Agusta labarin kisansa ya iso. Idan basarake bai tsira a wannan hanya ba, duk ma'aikacin lafiyar da zai ce wa talaka "je ka Sakkwato a yi maka hoto" ya kamata ya san nauyin abin da ya furta.

Na'urorin da ake magana a kansu iri biyu ne. Ta CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada ta a kan majinyaciya a Landan a 1971, tana zagaya kai da hasken eksire, kwamfuta ta haɗa hotunan yanka-yanka. Tana da sauri, kuma babu kamarta wajen nuna sabon jini da ya zuba da karayar ƙoƙon kai. Ta MRI tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, ba ta da hasken eksire, ta fi fito da naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, sai dai ta fi tsada da ɗaukar lokaci. Dukansu siffa suke nunawa: ƙari, kumburi, taruwar jini ko mugunya, toshewar magudanar ruwa. Zafin da mutum yake ji ba ya fitowa a cikinsu.

A nan ne gizo yake saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya, wato kimanin biliyan 3.1, suna fama da wani nau'i na ciwon kai. Mafi rinjayensu ciwon kan ne kansa cutar, ba alamar wata ɓoyayyar cuta ba ce. Akwai na ɗaurewar kai, wanda mai shi yakan ji kamar an naɗa masa rawani an tamke. Akwai ciwon ɓarin kai, mai bugawa, mai zuwa da tashin zuciya da ƙin haske da ƙin hayaniya, wanda ya fi kama mata. Kundin rarrabe ciwon kai na ƙasa da ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1988 aka fitar da bugunsa na uku a 2018, ya gina gano waɗannan cututtuka ne a kan abin da majinyaci ya faɗa: sau nawa, tsawon wane lokaci, wane ɓangare, me yake tsananta shi, me yake rakiyarsa. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane a hoto ba ta da wani bambanci da zai sa a ce ga dalili.

Alƙaluma sun goyi bayan haka. Wani bincike da Sempere da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya bi mutum 1,876 a ƙasar Sifen masu ciwon kai wanda ba na gaggawa ba, aka yi wa kowa hoto. Mutum 22 aka samu da wata matsala mai muhimmanci, wato kashi 1.2 cikin 100, kuma a cikin waɗanda gwajin likita bai nuna wata tangarɗa a jijiyoyinsu ba adadin bai kai kashi 1 ba. Ta ɗaya gefen, wani nazari na 2009 da ya tattara hotunan MRI na mutum fiye da 19,000 waɗanda ba su da alamar cutar ƙwaƙwalwa ya samu wani abu da ba a zata ba a cikin kashi 2.7. Ma'ana, idan aka jera lafiyayyu aka yi musu hoto, kusan ɗaya cikin 37 zai fito da wani tabo ko ƙullutu ko jakar ruwa wadda wataƙila da ita aka haife shi, kuma da ita zai tsufa. Ga ɗan birni wannan yana nufin komawa asibiti bayan wata shida a sake dubawa. Ga manomin fadamar Rima yana nufin sayar da wata dabbar, da sake hawa hanyar Goronyo, da zama da fargabar abin da ba shi ne yake sa masa ciwo ba.

Amma babbar ɓarnar ba a hoton da ya nuna wani abu take ba, a hoton da ya fito fes take. A ɗauki misalin matar aure mai shekara 30 da ta yi shekaru tana fama da ciwon ɓarin kai. Kafin ya taso takan ga walƙiya ko zane mai lanƙwasa a idonta, wani lokaci hannunta da gefen bakinta su yi mata kamar ba nata ba, bayan ɗan lokaci su sake. Likitan jijiyoyi zai gane wannan daga jin labari, domin wani kaso na masu wannan ciwo haka yake yi musu sallama. Dangi suka haɗa kuɗi, aka kai ta birni, aka yi hoto, aka ce musu "ba a ga komai ba". Abin da likita yake nufi shi ne albishir: babu ƙari, babu jini. Abin da dangi suka ji daban ne. A tsarin tunanin Bahaushe game da cuta, wanda manazarta irin su Lewis Wall da Murray Last da Aliyu Muhammad Bunza suka yi rubutu a kansa, ciwon da idon asibiti ya duba bai gani ba ya fita daga hurumin asibiti. Ya zama "ba na asibiti ba ne". Saura iska, ko sammu, ko kambun baka. A ƙasar da sarautar Inna ta daɗe tana riƙe da ragamar bori a fadar Gobir, kuma a zamanin da masu ruƙiyya suka yawaita, ba a rasa mai karɓar wannan mata hannu bibbiyu.

Ba laifin dangi ba ne, hankali suka yi aiki da shi a kan jimlar da aka ba su. Jimlar ce gurguwa. Da an ce mata ciwonta yana da suna, an san shi, miliyoyin mata suna da irinsa, ba ya fitowa a hoto kamar yadda yunwa ba ta fitowa a hoto, kuma akwai tsofaffin magunguna masu araha da ake sha kullum domin rage yawan tasowarsa, da ta koma gida da abin riƙewa. Wannan bayani kuwa ba ya bukatar wutar lantarki, ana iya yin sa a ɗakin duba marasa lafiya na Isa. Abin takaicin shi ne, kuɗin da aka kashe domin a tabbatar mata da lafiyar ƙwaƙwalwarta su ne suka zama hujjar raba ta da maganin da zai yi mata amfani.

Akwai kuma wani ciwon kai da magani ne da kansa yake haifarwa. Wanda yake shan ƙwayar rage zafi ta yau da kullum kwana 15 ko fiye a wata, har tsawon fiye da wata 3, yana iya faɗawa cikinsa, kuma ga magunguna masu ƙarfi irin su tiramol ko waɗanda aka gauraya, kwana 10 sun isa. A garin da kemis da mai tallar magani suka fi likita kusa, kuma mutane suke kwana a firgice ko a daji, da ƙishirwar bazara da rashin barci, wannan tambaya guda, "ƙwaya nawa kake sha a mako?", ta fi hoto goma amfani.

Sai ciwon kan da yake kisa cikin gaggawa a wannan shiyya, wanda shi ma ba hoto ne ƙofarsa ba. Gobir tana tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka, wanda likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata iyakarsa a 1963. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ta 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta ci rayuka fiye da 1,100. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a watan Maris, abin da yake bukata shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take, da ɗibar ruwan laka idan hali ya yi. Kowace sa'a da aka ɓata ana neman motar zuwa hoto daga cikin ransa aka cire ta. Haka zazzaɓin cizon sauro da damina, digon jini ne a ɗan yatsa yake tona shi. Haka mai ciki ko mai jego da ta ce kanta yana ciwo, idonta yana ganin dishi-dishi, ƙafarta ta kumbura: ma'aunin hawan jini da gwajin fitsari su ne tsakaninta da jijjiga.

Duk wannan ba ya nufin a yi watsi da na'ura. Akwai mutanen da idan ba a kai su ba an zalunce su, kuma yanayin da ake ciki ya ƙara yawansu. Dattijon da ya faɗo daga babur, ko wanda aka buga wa gindin bindiga a ka, ya miƙe kamar ba komai, bayan mako uku ko shida ya fara ciwon kai, yana yawan gyangyaɗi, yana jan ƙafa, yana magana ba kan gado, sau da yawa jini ne yake taruwa sannu a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta. Gida za a ce tsufa ne, ko an taɓa shi a hannun waɗanda suka tsare shi. Hoton CT yana nuna wannan ƙarara, kuma aikinsa yana cikin mafi sauƙi a tiyatar ƙwaƙwalwa: a huda ƙoƙon kai a tsiyaye jinin, mutum ya dawo hayyacinsa. Wannan dattijo ya cancanci a yi kasadar hanya dominsa.

Haka wanda ciwon kai ya faɗo masa farat ɗaya, ya kai maƙura cikin minti guda, irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Wannan yana iya zama fashewar jijiyar jini. Wani bincike na ƙasar Kanada da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa idan aka yi hoton CT cikin sa'a 6 da farawarsa, na'urorin zamani ba su kuskure irin wannan jini, amma ƙarfin ganinsu yana raguwa yayin da kwanaki suke wucewa. Sa'a shida, ga wanda abin ya same shi bayan magariba a ƙauyen da ba a fita da dare, kusan tatsuniya ce, kuma wannan ma dalili ne na a san alamar tun kafin ta zo. A cikin wannan sahu akwai mai ciwon kan da yake ƙaruwa mako bayan mako yana tashinsa da amai da asuba, da wanda ya fara farfaɗiya da girmansa, da wanda ɓarin jikinsa ya yi rauni bai sake ba, da wanda ya haura shekara 50 ya fara ciwon kan da bai saba ba, da yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa sannan ya rikice, da mai sikila da bakinsa ya karkace, da mai tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙaramin madubin duba cikin ido, wanda Helmholtz ya ƙirƙiro tun 1851, yana nuna kumburin jijiyar gani idan matsi ya hau a cikin kai, kuma ya fi dacewa da aljihun ma'aikacin lafiya na karkara fiye da kowace takardar turawa birni.

Mai ja da wannan matsayi yana da abin faɗa, kuma ba duka ne za a ture ba. Zai ce alƙaluman Sifen da Kanada na mutanen da suke ganin likita da wuri ne, alhali a Gobir ga tarin fuka, ga sikila, ga hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, ga raunukan kai, don haka rabon masu ciwon kai mai haɗari zai fi na can yawa. Wannan magana ce mai ƙarfi. Sai dai abin da take wajabtawa shi ne a ƙara kaifin tambaya da gwaji, domin waɗannan cututtuka kusan duk suna zuwa da alamominsu. Zai kuma ce hoto yana kwantar da hankali, kuma kwanciyar hankali magani ce. An gwada wannan a Landan: a wani bincike na 2005 a kan mutum 150 masu ciwon kai na kullum, waɗanda aka yi wa hoto sun fi samun natsuwa bayan wata 3, amma bayan shekara bambancin ya gushe. Na uku zai ce, maimakon a koya wa talaka haƙuri, a kawo na'urar gabashin Sakkwato. Haƙƙi ne, kuma ya kamata a nema da babbar murya. Amma na'ura tana tafe da sharuɗɗanta: wuta tsayayya, mai sarrafa ta, mai karanta hoton, injiniyan gyara, da likitan tiyata a ƙarshen zancen. Ko an cika su duka, tambayar wa za a sa a ciki tana nan daram.

A wannan gaɓa ce maganar ta shigo farfajiyar masana Hausa. Idan labarin majinyaci shi ne ma'auni, to ingancin ma'aunin ya dogara ga harshe, harshen kuwa ba Ingilishin littafin likita ba ne, ba ma daidaitacciyar Hausa ba ce. Bagobiri yakan ce masassara inda Bakano zai ce zazzaɓi. Idan ya ce bai yi kwana ba, barci yake nufi. Jiri da juwa da hajijiya, suma da shiɗewa, rikicewa da zautuwa da fita hayyaci, zugi da raɗaɗi da nauyi da ɗaurewa, kowace tana da iyakarta a bakin masu ita, kuma likita yana rataya hukunci mai tsada a kan bambancin da ke tsakaninsu. Kalmomin amsa-kama, waɗanda ake koyarwa a aji kamar adon magana, a nan su ne suke ɗauke da bayanin da ya fi kowane muhimmanci, domin tsakanin "kwatsam" da "sannu-sannu" akwai cututtuka biyu mabambanta. Ga kuma kunya: amaryar da mijinta ko surukarta take amsa tambaya a madadinta ba za ta ce ciwon ya taso mata ne a shimfiɗar aure ba, ko da yake wannan yana cikin abubuwan da likita yake son ji.

Likitocin Turai da Amurka sun tsara alamomin haɗari cikin haruffan taƙaitawa domin sauƙin haddacewa, dabarar da ba ta da wani amfani ga ungozoma a Gatawa ko mai unguwa a ƙauyen Isa. Hausa tana da nata hanyoyin adana ilimi, waƙa da karin magana da jerin tambaya da amsa irin na makarantar allo, kuma sassan Hausa na jami'o'i suna da ɗaliban da aka haifa cikin wannan karin harshe. Ba sai an shiga daji ba: mutanen Sabon Birni da Isa da rikici ya kora suna nan a birnin Sakkwato, wasu kuma tun 2019 suna ƙetaren iyaka a yankin Gidan Runji. Aikin da ke jira shi ne a zauna da su tare da likitocin jijiyoyi, a tattara yadda suke siffanta ciwon kai, a gwada kowace kalma da abin da aka tabbatar daga baya, sannan a fitar da gajerun tambayoyi da kuma jimlar da za ta maye gurbin "ba a ga komai ba".

Kalmar da ta fi cancanta a fara da ita wataƙila ita ce "sara". Idan mace ta ce kanta yana sara, tana iya nufin bugawar nan mai zuwa tana komawa wadda ta saba da ita tun tana budurwa. Idan ta ce kanta ya sara, tana iya nufin haka ɗin dai, tana kuma iya nufin sara guda kamar na gatari, wanda ya sauko mata ɗazu tana tsaye a bakin rijiya. Ta farko za a ba ta magani da bayani ta koma ɗakinta. Ta biyu kuwa sai a nemo mota, ko da rana ta yi gora.